Waƙa Za Ta Raba Ɗana da Tramadol?

Tambaya: Ɗana yana ƙoƙarin daina shan tramadol. An ce sauraron waƙa na taimakawa. Haka ne? — Wata uwa, Zariya

Amsa: Hajiya, tana taimakawa, amma ba ta maye gurbin likita. Yankewa farat ɗaya kan jawo zufa, gudawa da rashin barci, don haka ku fara zuwa asibitin ƙwaƙwalwa na Barnawa, Kaduna, a rage masa a hankali.

Marmarin ƙwaya yakan lafa cikin minti 15 zuwa 30. Ɗanki ya tara waƙoƙi 6 masu sanyin kiɗa a waya. Da marmarin ya taso, ya kunna, yana bin baitin da baki, yana jan numfashi sannu-sannu.

Inda ake kuskure: waƙoƙin da yake ji a majalisar shaye-shaye. Ƙwaƙwalwa ta riga ta ɗaure su da maye, jin su ma tsokano marmarin yake yi. Ya goge su tas.