Haɗin PCR a zafin Garwa

Ƙanwata, kin tambaya ko za ki iya yin haɗin sinadaran PCR (gwajin da ke ninka DNA, wato sinadarin gado na halitta) da yawa ki ajiye, alhali wutar Garwa ba ta da tabbas. Za ki iya, amma a kan ƙanƙara. Fara da tsabtataccen ruwa, sai bafa (ruwan da ke daidaita tsamin haɗin), magnesiyam wajen 1.5 mM, dNTP (tubalan gina DNA guda huɗu) 200 µM kowanne, furaima (gajerun DNA da ke nuna inda za a kwafa), Taq (sinadarin da ke yin kwafin) a ƙarshe. In samfuri 20 ne, auna na 22, don bakin fifet (abin ɗiban ruwa a awo) ma yana shan rabonsa.

Ki rarraba a ƙananan kwalabe, ki tura can ƙuryar firiza a -20°C tsakanin ƙanƙara. Yawan narkewa da daskarewa ke raunana haɗin. DNA na samfurin kuwa, a wani ɗaki dabam za ki zuba shi, don kada ya gurɓata haɗin.