Batir Biyu a Kwale-kwale: Yaya Ake Haɗa Makunnin?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ina jigilar fasinja a Yawuri da kwale-kwale mai injin da ake tayarwa da makulli. Batir ɗaya ke ɗauke da inji, fitilu da famfon kwashe ruwa, har sau biyu yana mutu mini a tsakiyar kogi. Na sayo na biyu da makunni mai rubutun 1, 2, BOTH da OFF. Yaya zan haɗa su?

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Juya makunnin ka dubi bayansa, za ka ga ƙusoshi uku. Jar wayar batir na farko, wato ta kan mai alamar +, ta je ƙusa ta 1. Ta batir na biyu ta je ƙusa ta 2. A ta uku, mai rubutun COM, za ka ɗaura jar wayar inji da ta akwatin fis ɗin fitilu. Baƙar waya ba ruwanta da makunni: haɗa kawunan − na batiran biyu da waya mai kauri ɗaya da ta inji, ka ɗaura baƙar wayar inji a ɗayansu. Nan masu rewaya ke yawan mantuwa, sai a murɗa zuwa 2 inji ya yi gum.

Kada ka sa wayar da ta fi wadda ta zo da injin siranta. In nisa ya ƙaru, ƙara kauri, misali daga mai lamba 25 zuwa mai 35 (lambar kaurin waya, a murabba'in milimita). Nemi ta jirgin ruwa mai silin tagulla da aka shafe da kuza, don ta mota tana cin tsatsa ta cikin roba ba ka sani ba. Ɗaure noti da sifana, ka shafa giris. Kafin ka fara aiki cire baƙar waya, ita ce kuma ta ƙarshe wajen mayarwa.

Famfon kwashe ruwa mai tashi da kansa kuwa kada ya bi ta makunni. Ja masa waya kai tsaye daga batir na biyu, da fis ɗinsa wanda bai wuce santimita 18 daga kan batir ba. In ba haka ba, ka kashe makunni ka tafi gida, ruwan sama ya sauka da dare, ka wayi gari jirgi ya nutse a bakin gaɓa.

TAMBAYA: To me zai hana in bar shi a BOTH kullum, tunda duka biyun za su sha caji?

AMSA: Yayin da inji ke aiki babu laifi. Matsalar tana ga tsayawa: in ka kashe inji ka bar fitilu a BOTH, batiran sun zama ɗaya, tare za su ƙare, ajiyar da ka yi ta tashi a banza. Da zarar ka tsaya koma 2, ka bar 1 don tayar da inji. In ɗaya ya mutu murus, tayar da mai rai shi kaɗai, domin a BOTH mataccen zai zuƙe wutar ɗan'uwansa.

Abin da ba a yi ko da wasa shi ne murɗawa zuwa OFF inji na aiki. Wutar da cajar inji ke turowa ta rasa inda za ta shiga, ƙarfinta ya yi tsalle ya ƙona diyod, wato 'yan na'urorin cikin cajar masu barin wuta ta bi hanya ɗaya kawai. Tsakanin 1, BOTH da 2 makunnai masu kyau irin na Perko ko Blue Sea suna kama sabon layi kafin su saki tsohon, amma bi ta BOTH, kada ka zagaya ta OFF.

Mai yawan mantuwa sai ya sa na'urar VSR, wato makunni mai aiki da kansa, tsakanin kawunan + biyu, da fis a kowane ɓangare. Tana haɗa batiran idan wuta ta kai wajen bolt 13.3, ta raba su idan ta sauko 12.8. Ka riƙa aunawa da mita da safe kafin ka tayar da inji: 12.6 cikakke ne, 12.2 ya kai rabi.