Ina aji uku a lissafi, ta ina zan fara bincike kan ɗigo da layi?

Ƙanena, ka ce kana aji uku a Jami'ar Tarayya ta Gusau, kana son fara bincike a fannin giraf, wato nazarin ɗigo da layukan da ke haɗa su, amma ba ka ga ƙofa ba.

Shirin REU na Amurka da ka ji labari, wato shirin bincike na ɗaliban digirin farko, yawanci kuɗinsa na 'yan ƙasarsu ne, kada ka ɓata lokaci a kansa. Polymath Jr, wani shirin bincike na ɗaliban lissafi, ta intanet ake yinsa, kuma yana ɗaukar ɗaliban ƙasashen waje. Leƙa shi.

Ni dai shawarata, fara daga gida. Fannin nan ba ya cin kuɗi; masanin lissafi Euler da matsalar tsallake gadoji bakwai na garin Königsberg ya kafa shi a 1736. Ɗauki jadawalin jarrabawar tsangayarku. Kowane kwas ɗigo ne, in ɗalibi ɗaya yana ɗaukar kwasa-kwasai biyu sai ka ja layi tsakaninsu. Launuka nawa za su isa a shafa wa ɗigogin ba tare da maƙwabta, wato ɗigo biyu da layi ya haɗa, sun yi launi ɗaya ba? Adadin nan shi ne mafi ƙarancin zaman jarrabawa. Da NetworkX, manhajar nazarin giraf a harshen kwamfuta na Python, za ka gwada, ko da tsohuwar kwamfuta ce.

Sannan ka je wa malaminku da abin a rubuce, shafi biyu ma ya isa. Wanda ya zo da aiki a hannu, ba a cika ce masa ya dawo gobe ba. Bayan digiri kuma ga AIMS, cibiyar nazarin lissafi ta Afirka, a Gana, Sanagal ko Ruwanda.