Tun da na dawo daga wankan jego kuka nake yi

Assalamu alaikum Anti. Don Allah ki sakaya sunana.

Shekarata 24, a Kano nake aure, kuma wannan ce haihuwata ta fari. Allah Ya ba ni 'ya mace lafiyayya, ta kusa cika wata uku. A gidanmu na yi wanka, da aka yi arba'in na dawo ɗakina. Tun daga nan ban ƙara jin kaina daidai ba. Ina zaune haka kawai sai hawaye, ba wanda ya yi min komai. Da dare ko yarinya ta yi barci ni idona biyu, ina ta saƙa da warwara har a kira assalatu. Abinci tura shi kawai nake yi saboda shayarwa. Da ni ce sarkin hira cikin ƙawayena, yanzu ko kirana aka yi sai in kife wayar. Na fi wata ban yi kitso ba.

Abin da ya fi ci min rai, wani lokaci in tana kuka sai in tsaya ina kallonta kamar ba tawa ba kafin in ɗauke ta. Daga baya in tsani kaina, in ce wace irin uwa ce ni.

Maigida mutumin kirki ne, amma ya ce shagwaɓa ce, me na rasa? Mahaifiyarsa ta ce iska ce, an kawo hayaƙi, an yi min ruƙiyya sau biyu. Na ji sanyi a raina, amma abin yana nan. Ina tsoron in ce zan ga likita a ce na taɓu, a ɗauke min yarinya. Anti, haukacewa zan yi?

Mai jego daga Kano

Wa alaikumus salam ƙanwata. Allah Ya raya mana ita, Ya sa mai albarka ce.

Kwantar da hankalinki, ba haukacewa za ki yi ba. Likita ne zai tabbatar bayan ya duba ki, amma abubuwan da kika lissafo su ne alamomin ciwon damuwa na bayan haihuwa, kuma yana da magani.

Da zarar mace ta haihu, sinadaran da suka riƙe cikin suna sauka da sauri a jikinta. Shi ya sa mata da yawa kan yi ta kuka da saurin fushi a kwanakin farko, abin kuma ya wuce da kansa kafin sati 2. Wanda ya zarce haka, ko ya taso daga baya ya zauna irin naki, shi ne ba a zuba masa ido. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a ƙasashe masu tasowa kusan mace 1 cikin 5 na shiga irin wannan hali bayan haihuwa. Ki tuna layin rigakafin da kike bi: cikin matan nan akwai masu ɗauke da abin da kike ɗauke da shi, kowace ta yi shiru.

A duk wasiƙarki, maganar barcin nan ce ta fi tsayar da ni. Kowace mai goyo a gajiye take, amma wadda gajiya kawai ke damunta, tana samun sarari barci zai sace ta. Ke kin samu sararin, barcin ya ƙi zuwa. Haɗa da gudun mutane, da fitar daɗin abin da kike so a da, da yawan zargin kai, sai ki ga abin ya wuce shagwaɓa. Ban kuma yi mamakin lokacin da ya taso ba. Kwana arba'in ana kewaye da ke, ana dafa miki ruwan wanka, ana dama miki kunun kanwa, ana karɓar yarinya ki huta. Rana ɗaya duk aka watse, kika koma ke kaɗai da ita. Al'adarmu ta iya kula da mai jego, sai dai tana sakin hannunta da wuri.

Tsayawar da kike yi kina kallonta, ciwon ne. Uwar da ba ta damu da 'yarta ba ba za ta kwana tana tuhumar kanta ba.

Rigakafin sati 14 ya kusa, amma kada ki jira shi. Cikin satin nan ki koma asibitin da kika yi awo, ki ce wa nas ko likita: "Tun bayan haihuwa ba na barci, ina yawan kuka, ba na jin daɗin komai." Ki faɗi har da na yarinyar, kada ki rage. Akwai tambayoyi 10 da ake yi wa masu jego don auna wannan ciwo. Ki roƙa a duba jininki ma, domin ƙarancin jini, ko matsalar ƙwayar nan ta maƙogwaro da ke kawo maƙoƙo, suna iya jawo kasala da damuwa bayan haihuwa. In an ga ya dace za a tura ki sashen ƙwaƙwalwa, kamar na Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Kada sunan sashen ya tsorata ki; yawancin masu zuwa can ganin likita suke yi su koma gida. Burin likita kuwa shi ne ki warke da 'yarki a hannunki.

Wata da zaman tattaunawa da ƙwararre take samun sauƙi, wata sai an haɗa da ƙwaya. Akwai magungunan da mai shayarwa ke sha lafiya, sai dai sukan ɗauki sati 2 zuwa 4 kafin a fara jin canji, don haka ba a yanke su da ka. Ki guji sayen maganin barci a kemis.

Addu'a da azkar ki riƙe su, ba su hana zuwa asibiti. Manzon Allah (SAW) ya ce Allah bai saukar da cuta ba face Ya saukar mata da magani. Da wannan za ki shigar wa surukarki, cikin ladabi.

Ki nuna wa maigida wannan amsa. Malam, matarka ba ta raina ƙoƙarinka ba, ba ta da lafiya ne. Ka raka ta asibiti da kanka, ka ji bayanin likita da kunnenka. Ka bari wata ƙanwarta ko gwaggonta ta zo ta zauna da ita, a riƙa karɓar yarinya ta samu barcin awa 4 ko 5 a jere.

Abu ɗaya ne ba ya jiran gobe. In kika ji tunanin cutar da kanki ko yarinya, ko kina jin muryoyin da wasu ba sa ji, ko kika yi kwanaki ba ki runtsa ba kanki ya rikice, ki gaya wa na kusa da ke nan take, a kai ki asibiti a ranar, kada a bar ki ke kaɗai.

In kin je kin dawo, ki sake rubuto min in ji yadda kuka yi da likita. Ina nan ina jira.

Anti