Wa ke ƙwanƙwasa wa sabar imel ɗina ƙofa daga cikin gida?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina kula da wata sabar imel mai Postfix (manhajar karɓa da aika imel) a kan Debian. A /var/log/mail.log nakan ga "connect from localhost[127.0.0.1]", can kuma "disconnect", dare da rana, alhali ba wanda ke aika saƙo. An yi mini kutse ne? In toshe adireshin?

Amsa: Wa alaikumus salam. Kada ka toshe shi. Adireshin 127.0.0.1 na'urar ce da kanta, in ka rufe shi da ƙafarka za ka tsayar da imel ɗin.

Fara da agogo. In layukan na zuwa ne a kan ƙa'ida, duk minti biyu ko biyar ba fashi, kusan kullum mai gadi ne irin Monit, Nagios ko Zabbix ke leƙowa ya ga ko Postfix na raye. Sannan ka duba ƙarshen layin "disconnect". Tun daga Postfix 3.0 yakan lissafa abin da baƙon ya yi. In ka ga "ehlo=1 quit=1 commands=2", sallama kawai ya yi ya wuce. In kuwa da "mail=1 rcpt=1 data=1", to saƙo ya fita, kuma nan ne za ka mai da hankali.

Ko haka ma ba lallai ɓarna ba ce. Amavis, manhajar tace saƙonni, yakan karɓi saƙo a ƙofa (port) 10024, ya tace shi, ya mayar wa Postfix ta 10025, duk daga cikin gida. Roundcube, manhajar duba imel ta burauza, ma haka yake aika wasiƙun masu amfani da shi. Inda haɗarin yake: galibi 127.0.0.0/8, rukunin adireshin da 127.0.0.1 ke ciki, na cikin mynetworks, jerin amintattun Postfix, wato an amince da shi ba tambaya. Shafin PHP da aka fasa a kan wannan na'urar zai iya zuba saƙonnin banza ta nan, sai ka wayi gari Gmail na ƙin wasiƙunka. Haka nan in ka sa stunnel ko HAProxy, masu karɓar haɗi su miƙa wa Postfix, a gaba, baƙon waje ma zai shigo da rigar ɗan gida.

Don kama mai abin, ss -tnp da lsof -i :25 sukan makara, domin haɗin ba ya kai daƙiƙa guda. Ni na fi son wannan:

iptables -A OUTPUT -o lo -p tcp --dport 25 --syn -j LOG --log-uid

Zai rubuta lambar mai amfani (uid) a kundin kanel duk sanda aka buɗe haɗi. In ka ga 33, www-data ne a Debian, wato asusun da sabar yanar gizo ke aiki da shi, sai ka binciki shafukan da ke kan sabar, musamman fayilolin da aka taɓa kwanan nan. Ka cire dokar da zarar ka gama, kada kundin ya cika.

Wani abu kuma: saƙon da aka aika da umarnin sendmail ba ya bin wannan hanyar sam, a layin postfix/pickup za ka same shi, da uid ɗinsa a rubuce.