Tambaya da Amsa: Shin Tsuke Bakin Aljihu Ya Rufe Ƙofar Shiga Soja?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ina sayar da koko da ƙosai a Aboabo, nan Kumasi. Ɗana na fari ya gama sakandare shekara uku ke nan, kuma sau biyu yana neman shiga soja ba a dace ba. Yanzu wani mutum ya zo mini har gida, ya ce tun da gwamnati ta karɓi bashin IMF, asusun ba da lamuni na duniya, an hana ɗaukar ma'aikata, babu mai shiga soja sai ta hanyar da suke kira furotokol, kuma idan na kawo sidi 15,000 zai sa sunan yaron. Kwasar adashina ta kusa. Shin gaskiya ne an daina ɗauka? Daga wata uwa a Aboabo.

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Kafin komai, kada ki taɓa kuɗin adashin nan. Mutumin ya ɗauko guntuwar gaskiya ne ya lulluɓe ƙaryarsa da ita, saboda haka bari mu raba su.

Gaskiyar ita ce aljihun gwamnati ya shiga matsi mai tsanani. A watan Disamba na 2022 hauhawar farashi ta haura kashi 54 cikin ɗari, a watan ne kuma Ghana ta dakatar da biyan akasarin basukanta na waje. Kasafin kuɗin 2023, wanda ministan kuɗi na lokacin, Ken Ofori-Atta, ya gabatar wa majalisa, ya zo da sanarwar dakatar da ɗaukar sababbin ma'aikatan gwamnati, sannan a watan Mayu na 2023 asusun IMF ya amince da rancen dala biliyan 3. Ba wannan ne karon farko ba, domin yarjejeniyar 2015 ma ta zo da irin wannan takunkumi, in ban da ɓangaren lafiya da na ilimi. Dalilin kuwa ɗaya ne: albashi da kuɗin ruwan bashi suna cinye mafi yawan abin da gwamnati take tarawa, kuma albashi ba irin aikin hanya ba ne da za a ce a jingine shi zuwa baɗi.

Sai dai soja ba ya rufe ƙofarsa gaba ɗaya, ko da baitulmali ya bushe. Kowace shekara wasu suna ritaya, wasu suna rasuwa, kuma rundunar da ta yi shekaru ba ta ɗauki kurata ba za ta wayi gari da manyan saje-saje ba tare da matasan da za su gaje su ba, giɓin da ba a cike shi dare ɗaya. Ga kuma iyakar arewa da Burkina Faso, inda 'yan bindiga suka addabi maƙwabtanmu, ga rikicin Bawku da ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, ga dakarun da Ghana take turawa aikin wanzar da zaman lafiya a Lebanon da Sudan ta Kudu. Abin da ke faruwa shi ne, sai Ma'aikatar Kuɗi ta ba da izini a rubuce kafin a sa sabon suna a takardar albashi, kuma adadin da ta amince da shi ne ake ɗauka, ba adadin da hafsoshin Burma Camp, hedkwatar soja da ke Accra, suke so ba.

Mutane da yawa suna zaton kuɗin soja albashinsa ne kawai. Ba haka ba ne. Kurtu guda yana bukatar watanni na horo a sansani irin na Shai Hills, da kaki da takalmi, da abinci sau uku, da ɗaki a bariki, da magani idan ya kwanta ciwo, sannan gwamnati ta ɗaura wa kanta nauyinsa na shekaru masu yawa, har da fansho bayan ya tuɓe kaki. A ganina, ɗaukar dubban matasa ba tare da an tanadi ɗakin kwanansu da kayan aikinsu ba bai ƙara wa ƙasa tsaro ba, yawan baki kawai ya ƙara. Wannan magana ba ta yi wa iyaye daɗi, amma ita ce.

To, a nan ne matsalar ɗanki take. Gurabe ba su ƙaru yadda ake so ba, masu nema kuwa sun ninka, domin idan sauran ma'aikatu suka rufe, kowa sai ya nufi inda ƙofa take a buɗe. Kin dai ji abin da ya faru a filin wasa na El-Wak da ke Accra ranar 12 ga Nuwamba, 2025, inda turmutsitsin masu neman shiga soja ya yi sanadin mutuwar mutum shida, Allah ya jiƙansu. Wanda ya ga irin wannan cincirindo zai gane cewa rashin dacewa sau biyu ba alamar yaron yana da aibi ba ne. Abin takaicin ma, mu 'yan zango da kakanninmu suka cika rundunar farko ta Gold Coast, har Hausa ta zama harshen bariki, yau mu ne 'yan damfara suke ɗauka ba mu san hanya ba.

Rundunar sojin Ghana ta sha nanata cewa ba ta da dillali, kuma ba a sayar da gurbi. Idan an buɗe ɗauka ana sanarwa a jaridu da rediyo, a sayi katin rajista a inda sanarwar ta ambata, a cike takarda ta intanet, sannan a kira waɗanda suka cancanta domin duba takardu, awon tsayi, jarrabawa da gwajin lafiya. Wanda ya karɓi kuɗinki ba zai ba ki rasit ba, kuma ranar da sunayen suka fito babu na ɗanki, wayarsa a kashe za ki same ta.

Ki sa yaron ya duba takardar haihuwarsa da katin ɗan ƙasa da sakamakon WASSCE, wato jarrabawar kammala sakandare, ya tabbatar suna da ranar haihuwa iri ɗaya ne a dukkansu, domin bambancin haruffa biyu tsakanin Abdullahi da Abdulai yana iya jawo masa matsala a teburin tantancewa. Idan ya faɗi Turanci ko lissafi, ya sake zama. Kuɗin adashin kuma ki biya masa koyon kanikanci ko aikin lantarki a inda ake ba da takardar shaida, tunda soja yana ɗaukar masu sana'a ta wani layi dabam. Shi kuwa mai furotokol, idan ya dawo, ki ce ku haɗu a ofishin 'yan sanda a ƙirga kuɗin a can.