Amsa: Starlink zai kama a ƙauyenmu?

Malam, ka ce a ƙauyenku can bayan Giwa sai an hau tudu ake samun sabis, kana tambaya ko Starlink, wato intanet ta tauraron ɗan Adam, zai yi. Zai yi, in sha Allah. Tun Janairun 2023 yake aiki a Najeriya, kuma ba ruwansa da turken sadarwa, faifansa, wato dish ɗin da ake kafawa, da tauraron ɗan Adam yake magana kai tsaye. Amma ka ɗora shi inda sama take a buɗe, ko reshen darbejiya ya gitta sai ya riƙa yankewa.

Wuta ce ta fi damuna. Wani shago da na gani nan Samaru, sola da batir ke riƙe da nasa. Kuɗin wata kuwa da nauyi, gara ku haɗa kai da makarantar garin, ku raba kuɗin.